Kafin Dalar Gyaɗa: Ƙauyawan da Suka Kafa Gidan Ɗantata

Mu 'yan kasuwar Kwari, in hirar arziki ta tashi a bakin kanti, da wuya a watse ba a ambaci Alhassan Ɗantata ba. Sai dai yawancinmu daga dalar gyaɗa muke ɗauko labarin, kamar a birni aka haife shi da kuɗinsa a hannu. Ni kuwa waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne kakansa da mahaifinsa, ƙauyawa biyu da suka bar duniya ba su taɓa jin kukan jirgin ƙasa a Kano ba.

Gidan Agalawa ne, fataken nan da asalinsu yake komawa ga Bugajen ƙasar Azbin. Kakan, Baba Talatin, ya baro Katsina ya zauna a Madobi, kudu da birnin Kano. Ɗansa Abdullahi ya gaji sana'ar, daga baya ya koma Bebeji. Ba don gudun birni suka zaɓi ƙauye ba. Bafatake yana bukatar fili da ciyawa don jakunansa, da gonar da za ta ci da gida in tafiya ta yi nisa, ga kuma marinan irin su Kura kusa, inda ake bugun baƙin yadi har ya riƙa ƙyalli.

Da kaka ta yi, sai a ɗaura kaya: tufafin rini, kanwa, jan fata. Ayari ya bi bayan madugu, a ƙetare Kwara, a ratsa Borgu, har a isa Salaga a ƙasar Gwanja. Zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa. Wahalar ma a dawowa take, in an sayo goro. Goro ba ya son zafi, ba ya son bushewa. A zango sai a sauke huhu, a buɗe ganyen fita, a bi ƙwarya ƙwarya ana tsince wanda sankara ta taɓa, a yayyafa ruwa, a sake naɗewa. Wanda ya yi ganganci ya iso kasuwar Kurmi da ruɓaɓɓe, uwar kuɗi ta tafi.

A gidan Abdullahi aka haifi Alhassan a 1877. Yana ɗan shekara takwas mahaifinsa ya rasu, aka raba gado tsakanin 'ya'ya da yawa, abin da ya same shi bai taka kara ya karya ba. Mahaifiyarsa, Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce, ta tafi Ankara ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata, wadda sunanta ya bi zuriyar har yau. Da Basasar Kano ta ɓarke a 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, Bebeji ta kasance a ɓangaren da aka ci. Aka kama Alhassan da 'yan'uwansa, sai fansa aka yi suka kuɓuta.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Ya bi sawun uwarsa zuwa gaɓar teku, ya gane cewa jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko ya fi jaki sauri. Jirgin ƙasa ya fara aiki a Kano a 1912, Turawa suka nemi gyaɗa, kuma wa zai shiga ƙauyuka ya tattaro ta in ba wanda ya san dagatai da manoma tun yana yaro ba? A 1929 ya kai kayan raƙumi ashirin na kuɗin azurfa banki. Ya rasu a 1955, ya bar 'ya'ya irin su Sanusi da Aminu. Aliko Ɗangote jikan Sanusi ne ta wajen uwa.

Kasuwar da muke zaune a cikinta ta taso ne daga kantunan Kwarori, dab da Fagge, tsohon masaukin ayarin Azbinawa. Har yanzu yaran kanti da yawa daga garuruwan nan na kudancin Kano suke fitowa, su yi wa ubangida hidima shekaru kafin a sallame su da jari. Jinin fatauci bai ƙare ba. Abin da ya juya shi ne akalar kayan. Abdullahi yadin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano ya ɗora wa jaki ya kai wa baƙi. Mu kuwa kwantena muke jira daga Sin, mu sauke dila, mu sayar wa jikokin masaƙan da marinan.