Sauya ma'ajiyar laftof: Abin da ya kamata mai saye ya sani kafin ya biya kuɗi

Laftof da dama da ake aiki da su a shaguna da ofisoshin Kaduna, tun daga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi har Sakatariyar Gwamnatin Tarayya da ke Kawo, 'yan gwanjo ne samfurin HP da Dell da Lenovo da suka yi shekaru a ƙasashen waje kafin su iso. Ƙorafin masu su kusan iri ɗaya ne: na'ura tana nawa wajen tashi, fayil ba ya buɗewa sai an gaji da jira. Sau da yawa laifin na ma'ajiyar bayanai ne, kuma sauya ta ya fi sayen wata laftof sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Sai dai wannan ma'ajiyar ce ke riƙe da lissafin bashin ɗan kasuwa da takardun ma'aikaci, don haka kuskure wajen sauya ta na iya jawo asarar da ta fi kuɗin na'urar.

Iri biyu na ma'ajiya

Tsohon iri shi ne HDD, mai faifai da ke juyawa a ciki, da wani ɗan hannu da ke karanta bayanai a kansa. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fitar da shi a 1956, a lokacin yana ɗaukar haruffa kimanin miliyan 5 kacal. Na laftof yakan juya sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, yana kuma karanta kimanin megabait 100 a daƙiƙa. Da yake yana da sassa masu motsi, faɗuwa ko buguwa, musamman yana cikin aiki, na iya lalata shi. Wanda ke yawo da laftof a jaka cikin Keke Napep daga Unguwar Rimi zuwa kasuwa ya kamata ya riƙa kashe ta gaba ɗaya kafin ya tashi.

Sabon iri shi ne SSD. Ba shi da faifai, bayanai na zaune ne a ƙwayoyin lantarki irin na filashi. Ba ya ƙara, ya fi jure girgiza, kuma bai kai HDD cin batir ba, abin da ke da amfani ga mai aiki a lokacin da babu wuta. SSD mai mahaɗin SATA yana kaiwa kimanin megabait 550 a daƙiƙa, yayin da mai tsarin NVMe kan kai 3,500 ko fiye. Ga mai aikin Word da Excel da intanet, babban bambanci yana tsakanin HDD da SSD ne. Tazarar da ke tsakanin SATA da NVMe ba ta cika bayyana a irin wannan aiki ba.

A tabbatar da cutar kafin sayen magani

A Windows 10 ko 11, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, sai a shiga sashen Performance. A nan za a ga ko ma'ajiyar HDD ce ko SSD, da yawan aikin da take yi. Idan tana maƙale a kashi 100 alhali sauran sassa na da sarari, to ita ce ke jan na'urar baya. Idan kuwa RAM ne ya cika, musamman a laftof mai gigabait 4, sauya ma'ajiya kaɗai ba zai warware matsalar duka ba, sai an ƙara RAM. Haka kuma ƙurar hunturu kan toshe fanka, na'ura ta yi zafi ta rage gudu, wanda share ta kawai ke magancewa.

Akwai kuma batun shekaru. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a hukumance yana buƙatar ƙwaƙwalwar Intel ta ƙarni na 8 ko sama, ko makamanciyarta ta AMD. SSD zai ƙara wa tsohuwar laftof sauri, amma ba zai sa ta cika wannan sharaɗi ba. Saboda haka ba hikima ba ce a zuba kuɗi masu yawa a na'urar da ta tsufa ƙwarai.

A san gurbin da ke cikin na'ura

Nan ne masu saye suka fi yin kuskure. Tsofaffin laftof suna da gurbi mai inci 2.5, kuma SSD na SATA mai wannan girma yana shiga daidai. Kaurinsa yawanci milimita 7 ne, don haka yana shiga gurbin milimita 9.5 ma, sai dai a sa masa abin tokarewa don kada ya riƙa motsi.

Sababbi suna da gurbin M.2, wanda ke ɗaukar siririn allo kamar yankan rula. Lambar 2280 da ake gani a jikinsa na nufin faɗin milimita 22 da tsawon milimita 80, akwai kuma gajeru irin 2242 da 2230. Wani M.2 na SATA ne, wani na NVMe, kuma ba kowace laftof ce ke karɓar duka biyun ba. Galibi na SATA yana da tsaga biyu a bakinsa, na NVMe yana da ɗaya, amma shigar allo cikin gurbi ba ta nufin zai yi aiki. Abin dogara shi ne a duba cikakkiyar lambar samfurin da ke ƙasan na'urar, a nemi littafin gyaranta a shafin kamfanin da ya ƙera ta. Wasu ƙananan laftof masu ma'ajiyar eMMC, da MacBook na shekarun baya-bayan nan, an liƙe musu ma'ajiya a jikin allon na'ura, ba a iya sauya ta.

Girman da ya dace

Gigabait 256 ya ishi mai rubuce-rubuce da lissafi. Wanda ke tara hotunan kaya da bidiyo zai fi sakewa da 512 ko terabait 1. Kada mai saye ya ɗauka an cuce shi idan Windows ya nuna 238 a maimakon 256, ko 931 a maimakon 1,000: bambancin tsarin ƙirga ne tsakanin kamfanoni da manhajar. Yana da kyau a riƙa barin sarari, domin SSD da ya cika maƙil yakan rage sauri.

A wurin saye

Farashi na bin darajar dala, don haka a zagaya shaguna biyu ko uku a titin Ahmadu Bello da kewayen babbar kasuwa kafin a yanke shawara. Samsung da Kingston na cikin sanannun masu ƙera SSD, kuma sanannen suna shi 'yan jabu suka fi kwaikwayo. Idan farashi ya yi ƙasa fiye da kima, a tuna cewa araha ba ta ado.

Kafin a bar shago, a nemi a haɗa ma'ajiyar a buɗe manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce. Za ta nuna lafiyar ma'ajiyar da yawan awannin da ta yi tana aiki. Wadda aka ce sabuwa ce ba za ta nuna dubban awanni ba. Manhajar H2testw kuma tana tona asirin ma'ajiyar da aka yi wa ƙaryar girma, ko da yake gwajin na ɗaukar lokaci. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kayan da wa'adin garanti a rubuce.

Yadda ake sauyawa

Da farko a kwafe muhimman fayiloli zuwa wata ma'ajiya ta waje, a buɗe wasu daga ciki a tabbatar sun kwafu. Idan an kulle na'urar da BitLocker, a nemo mabuɗinsa mai lambobi 48 a ajiye, domin idan ya ɓace ko mai gyara ba zai iya buɗe bayanan ba.

Daga nan hanya biyu ce. Ko a kwafi tsohuwar ma'ajiya ɗungurungum zuwa sabuwa da manhaja irin Clonezilla, komai ya dawo yadda yake, ko a ɗora sabon Windows daga filashi. Ta farko na buƙatar sabuwar ta iya ɗaukar duk abin da ke cikin tsohuwar. Ta biyu ta fi dacewa idan tsohon tsarin ya cika da tarkace. Lasisin Windows galibi yana haɗe ne da allon na'ura, don haka sauya ma'ajiya ba ya soke shi. Kowace aka zaɓa, a cika batir kafin a fara, kada wuta ta ɗauke aiki ya tsaya a tsaka.

Wajen buɗe na'ura, a kashe ta, a zare caja, a cire batir ko a kwance wayarsa idan na ciki ne. A lokacin hunturu busasshiyar iska na sa jiki ya tara lantarki, irin wanda kan ja mutum idan ya taɓa ƙofar mota, kuma yana iya ƙona ƙananan sassa. A taɓa wani ƙarfe kafin a taɓa cikin na'ura. Wanda bai saba ba ya kai wa mai gyara, ya tsaya a yi a gabansa. Ma'aikacin da laftof ɗin ofis ke hannunsa kuwa kada ya buɗe ta sai da izinin sashen da ke kula da kwamfutoci, domin kayan hukuma ne.

Tsohuwar ma'ajiya

Kada a bar ta a shagon mai gyara, ko da an yi tayin rage kuɗi a madadinta. Goge fayil na yau da kullum ba ya shafe shi, ana iya dawo da shi. Lambobin NIN da BVN, da bayanan abokan ciniki ko na ma'aikata, amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe bayanan jama'a alhakin tsare su. Idan za a sayar da tsohon HDD, a yi masa cikakkiyar shafewa a Windows, wato a cire alamar Quick Format kafin a fara.

Idan kuwa yana da lafiya, a saya masa ɗan gida mai wayar USB ya zama wurin ajiyar kwafi. SSD ma yana mutuwa, wani lokaci ba tare da wata alama ba, kuma ceto bayanai daga cikinsa ya fi na HDD wuya. Duk mako a kwafe littafin bashi da takardun aiki zuwa tsohuwar ma'ajiyar, a ajiye ta a gida, ba cikin jakar da laftof take ba.