Daga Gidan Fatoma Zuwa Otal na Bakin Tasha: Tarihin Masaukin Matafiyi a Kano

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi diddigin wani irin masauki wanda yawancinmu da ke wannan taro muka sha kwana a cikinsa, amma ba mu cika tsayawa mu tambayi asalinsa ba. Ina nufin matsakaicin otal na tsakiyar gari, wanda ba na manya ba ne, ba kuma ɗakin kwanan 'yan tasha ba ne, watau irin wanda malamin makaranta ko akawu ko matsakaicin ɗan kasuwa kan zaɓa don yana kusa da inda mota ko jirgi ya sauke shi. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, wannan otal ya gaji ɗakin fatoma amma bai gaji amanarsa ba, kuma ba birni yake bi ba, tasha yake bi.

Kafin zuwan Turawa a 1903, baƙon da ya shigo Kano da kaya ba ya neman ɗaki, mutum yake nema. Ayarin da madugu ya jawo daga Gwanja da goro, ko daga Agadas da gishiri, yakan ya da zango a Fagge, a wajen ganuwa, sa'an nan fatake su shiga gari kowa ya nufi gidan fatomansa. Sunayen unguwanni irin su Agadasawa da Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Ayagi da Dandalin Turawa har yanzu suna shaidar cewa kowane jinsin baƙi yana da inda yake sauka, kuma duk ba su da nisa da Kasuwar Kurmi. Fatoma yakan ba baƙonsa ɗaki da abinci da wurin ajiye kaya. Shi ke haɗa shi da dillali, shi ke yi masa tafinta in bai ji Hausa ba, shi ya san wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba. Ba a biyansa kuɗin kwana. Rabonsa yana cikin la'adar ciniki. Ke nan ribarsa tana ɗaure da ribar baƙonsa, in an cuci baƙo an cuce shi.

Wannan tsari bai tsaya a Kano ba. Polly Hill ta bayyana shi a Kumasi a 1966, Abner Cohen kuwa ya bayyana shi a Sabo ta Ibadan a 1969, inda ya nuna cewa maigida ne ke tsaya wa mai shanu a kan bashin da mahauta suka ci. In mahauci ya gudu, maigida ne zai biya. A nan ya kamata mu lura da kyau: abin da matafiyi ke samu a gidan fatoma lamuni ne, gado da tuwo kuwa gyara ne kawai.

Otal na bakin tasha a Ingila aka haife shi, tare da jirgin ƙasa. Kamfanonin reluwe su ne suka fara gina masaukai a jikin tashoshinsu na Landan, na Euston a 1839, na Paddington a 1854. Mai matsakaicin farashi kuwa, akasari ana danganta shi da Ellsworth Statler, wanda ya buɗe otal mai ɗaki 300 a Buffalo ta Amurka a 1908, kowane ɗaki da makewayinsa, kuɗin kwana daga dala ɗaya da rabi. Matafiyan da ya nufa su ne wakilan kamfanoni masu yawon talla. Irin wannan mutum ba ya bukatar wanda zai tsaya masa, domin kamfaninsa da bankinsa sun riga sun tsaya masa. Abin da yake so shi ne ruwan wanka, da ƙofa mai kulle, da ya sami jirgin safe.

Hanyar jirgi ta iso Kano a 1911, aka soma zirga-zirga sosai a 1912. Tashar ba a cikin birni aka kafa ta ba, a waje aka kafa ta, gabas da ganuwa, kuma nan da nan kamfanonin sayen gyaɗa da fatu suka kewaye ta da kantuna. Kwarori suka zauna kusa, inda daga baya ya zama Kantin Kwari. Wajen 1913 aka yanka Sabon Gari domin ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas. Dokar garuruwa ta 1917 ta ƙara tabbatar da rabuwar, har ta ce a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta baƙaƙe. Ta haka Kano ta sami tsakiyar gari ta biyu, wadda ba ta san Kurmi ba, kuma baƙon da jirgi ya sauke a cikinta sau da yawa ba shi da fatoma, ba shi da kayan da za a ci la'ada a kansu. Bature yana da gidan saukar baƙi na gwamnati. Akawun da ya zo daga Ikko kuwa sai dai ya biya kuɗin ɗaki a Sabon Gari.

Daga nan ne kalmar otal ta ɗauko baƙin jinin da har yanzu bai gama wanke ta ba a bakin Bahaushe. An hana giya a cikin birni, an ƙyale ta a Sabon Gari, saboda haka masauki da mashaya suka taso a gida ɗaya. Dattijo a birni in ya ji an ce an ga wane a otal, ba kwana yake fassarawa ba. A ganina wannan shi ya sa attajiran Hausawa, waɗanda ba su yi jinkirin shiga cinikin gyaɗa da sufurin motoci ba, suka daɗe ba su sa dukiyarsu a wannan sana'a ba, alhali kuwa saukar baƙi sana'ar kakanninsu ce.

Abin ya soma sakewa bayan da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. Ma'aikatu suka yawaita, kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji na 1974 ya cika aljihun ma'aikata, aka sami sabon matafiyi: Bahaushe ɗan boko mai alawus ɗin kwana, wanda ya zo taro ko bin fayil, yana bukatar rasit. Gidan ɗan'uwa ba ya ba da rasit. Gwamnati ma ta shiga ginin otal-otal, kuma ƙarshen ɗayansu yana da darasi ga batunmu. Otal ɗin Bagauda, wanda aka gina a zamanin Audu Baƙo a bakin tafki, nesa da gari da tashoshinsa, daga baya ya koma harabar Makarantar Horon Lauyoyi. Dalilan suna da yawa, amma ba na shakka nisa yana cikinsu.

Reluwe kanta ta yi sanyi a shekarun 1980 da 1990, har sai a Disamba 2012 aka maido da jirgin fasinja tsakanin Ikko da Kano. A tsawon wannan lokaci fasinja ya koma mota, masauki kuma ya bi shi: wajen tashar manyan motoci ta Sabon Gari, da Unguwa Uku, da Na'ibawa, da hanyar filin jirgin sama. Kusanci da tasha kuwa yana da nasa tsadar. Akwai hayaniyar 'yan kamasho tun asuba, akwai kuma abin da ya fi wannan muni, kamar harin bam na 18 ga Maris 2013 a tashar Sabon Gari.

Bari in kawo abin da ya same ni. Na taɓa sauka a wani irin wannan otal da dare, na miƙa katin shaida, na biya, aka ba ni mabuɗi, ba wanda ya tambayi abin da ya kawo ni, na kuwa ji daɗin haka. Da safe na nemi akawun ya nuna mini amintaccen mai sayar da atamfa a Kwari, sai ya ce shi aikinsa ɗaki ne. Gaskiya ya faɗa. Shi ya sa har yanzu mai shanu ko mai hatsi da ya zo da dukiya mai yawa yakan gwammace tabarma a gidan maigidansa a bakin kasuwa, ya bar wa ɗan boko katifa da na'urar sanyaya ɗaki.

Sabuwar hanyar jirgi ta Abuja zuwa Kaduna, wadda aka buɗe a Yuli 2016, ta maimaita abin da aka yi a 1911: tashoshinta na Idu da Rigasa duk a gefen gari aka kafa su. A Yuli 2021 aka ƙaddamar da aikin miƙo wannan hanya daga Kaduna zuwa Kano. Ɗalibin tarihin da ke son ganin yadda tsakiyar gari ke ƙaura, sai ya fara da ƙidaya masaukan da ke kewaye da tashar Rigasa, ya rubuta shekarar da aka buɗe kowanne, da ko wane ne ya gina shi.