Tsutsar mangwaro a kasuwar Akokan

Akokan ba garin itatuwa ba ne. Kamfanin COMINAK da aka kafa a 1974 shi ya tara jama'a a wannan fili, kuma tun da aka soma fitar da uraniyom a 1978, yawancin abin da muke ci a mota yake zuwa. Lemo da rumman daga garaken Timia, cikin duwatsun Abzin. Mangwaro kuwa sai kudu: Gaya, Najeriya, har Burkina Faso, ya biyo hanyar Tawa da Agadas.

Mahaifiyata tana cikin matan da suka fara kasa shi a kasuwa, lokacin da albashin ma'aikata ke kwashe kaya kafin azahar. Ta san tsutsa, amma jefi-jefi. Ƙudan da ke haifar da ita a wancan zamani ɗan gida ne, masana na kiransa Ceratitis cosyra, mai son busasshen daji da zafin bazara.

A 2003 aka ga wani baƙon ƙuda a Kenya, Bactrocera dorsalis, ɗan asalin Asiya. A 2004 har ya iso Benin da Senegal. Shi laima yake so. Inda kurmi yake da yawan ruwa ya danne ɗan gida. Ana yowa arewa yana raguwa, sai damina ta sauka ya yi ambaliya. Shi ya sa mangwaron farkon bazara kan tsira, manyan masu aure irin Kent da Keitt, da ke nuna a makare, su sha kashi.

Macen ƙudan ke huda fatar mangwaro ta zuba ƙwai tun ɗan yana bisa uwarsa. Kwanakin da mota ke yi a hanya, ga kwalta ta mutu, sun ishi tsutsa ta ƙyanƙyashe ta yi ƙiba. A waje sumul. Sai ka duba da kyau ka ga ɗigon baƙi kamar sukar allura, ka danna gefensa ya lotsa. Mai kiri da ba ta iya wannan dubawa ba, uwar kuɗinta ce ke ruɓewa a kwando, don dillalin tasha ba ya karɓar kaya in an sauke.

An rufe mahaƙar COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, masu saye sun ragu, asarar kwali guda yanzu ba ƙaramin abu ba ce. 'Yan uwana masu sari, in kun ji an yi ruwan shuka a kudu, ku rage oda, kuma ku yanka biyu ko uku a gaban dillali kafin ku ƙirga kuɗi.