Yadda Ruwan Nilu Ya Haifi Kundin Kayan Tarihi na Duniya

A 1959 Masar da Sudan suka kai kuka UNESCO. Madatsar ruwa ta Aswan da Shugaba Jamal Abdunnasir ya ƙudurta ginawa za ta tara tafki mai haɗiye gidajen bautar da fir'aunoni suka bari a yankin Nubiya. Ran 8 ga Maris 1960 shugaban hukumar, Vittorino Veronese, ya yi wa duniya yekuwa.

Aikin da ya fi ba da mamaki shi ne na Abu Simbel, wanda Ramsis na Biyu ya sa aka sassaƙa a jikin dutse. Tsakanin 1964 da 1968 aka yayyanka shi da zarto gunduwa-gunduwa sama da 1,000, wata ta kai tan 30, aka haura da su mita 65 sama, aka ja baya mita 200, aka sake harhaɗawa. Na tsibirin Filaye ya biyo baya. Gangamin ya ci kusan dala miliyan 80 kafin a rufe shi a 1980, ƙasashe wajen 50 suka biya rabi. Mutanen Nubiya kuwa, dubbai aka kwashe daga garuruwansu, Wadi Halfa ta nutse, ba a yi musu irin wannan gayya ba.

Daga nan tunanin ya tsiro: abin da ya fi ƙarfin ƙasa guda, a taru a riƙe shi. Ran 16 ga Nuwamba 1972 aka amince da Yarjejeniyar Kayan Gado na Duniya a Paris, a 1978 aka buɗe kundi da wurare 12, har da tsibirin Gore na Senegal. Yau sun haura 1,200.

Nijar ta shiga da Ayar da Tenere a 1991, gandun dajin W a 1996, sai tsohon garin Agadas a 2013, da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27.

To amma dabarar Abu Simbel ta dutse ce. Mu daga Filinge har Abala mun san ginin ƙasa ba a ɗaukarsa a gusa. In ba a yi masa yaɓe kafin damina ba, ya tafi, kuma shiga kundi ba ya kwaɓa wa kowa ƙasa. Tsohon garin Damagaram yana layin jiran shiga kundin tun 2006. A Satumban 2024 mamakon ruwa ya rushe tsohon masallacinsa na ƙarni na 19.