Yadda Banɗaki Ya Zama Mai Sayar da Gida a Amurka

Ƙidayar da gwamnatin Amurka ta gudanar a 1940 ta gano cewa kusan kashi 45 cikin 100 na gidajen ƙasar ba su da cikakken tsarin ruwa, wato famfo a cikin gida, da masai mai tafiya da ruwa, da wurin wanka. A karkara makewayi na can nesa da ɗakunan kwana, kamar yadda kalmarmu ta "bayan gida" ke tuna mana inda namu yake a da. Yau kuwa, dillalin gidaje a ƙasar ba zai bar mai gida ya kai gidansa kasuwa ba sai ya leƙa banɗakin da ke manne da ɗakin maigida ya faɗi abin da za a gyara. Yadda aka zo nan yana da darasi ga duk mai tunanin zuba kuɗi a banɗaki domin ya ɗaga farashin gidansa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojoji sun dawo suna neman muhalli, gwamnati kuma ta tsaya musu wajen samun bashin gida. Tsakanin 1947 da 1951, kamfanin iyalan Levitt ya gina gidaje fiye da 17,000 a Levittown da ke jihar New York. Gidajen farko ɗakunan kwana biyu ne da banɗaki ɗaya tak, an kuma jingina shi da bangon kicin domin bututun ruwa ɗaya ya wadatar da su duka. Lissafin tattali ne tsantsa: uba da uwa da yara kowa ya bi layi da safe.

Da arziki ya bunƙasa, sai layin ya zama abin ƙi. A farkon shekarun 1970, fiye da rabin sababbin gidajen da ake ginawa suna da banɗaki biyu ko fiye, ɗaya daga ciki kuma na ma'aurata ne su kaɗai, ƙofarsa a cikin ɗakinsu. Gidajen ma sun yi ta faɗaɗa, daga matsakaicin ƙafa murabba'i 1,660 a 1973 zuwa sama da 2,600 a 2015, kuma banɗakin maigida ya ci rabo mai tsoka daga wannan ƙari.

Abin da ya mayar da shi maganar kuɗi shi ne tsarin cinikin gida a Amurka. Yawancin masu saye da bashin banki suke saye, banki kuwa ba ya sakin kuɗi sai ya aiko mai ƙiyasi ya kwatanta gidan da makamantansa da aka sayar kwanan nan a unguwar. Cikin abubuwan da yake ƙirgawa akwai yawan banɗaki da halin da suke ciki. Ga iyalin da gida shi ne mafi girman dukiyarsu, kuma suka san wata rana aiki zai iya kai su wata jiha, kowane gyara ya zama jari da ake sa ran ya dawo.

Sai dai a nan ne tarihi ya yi wa masu gida wasa. Kamfanin Kohler ya fara sayar da bahon wanka da masai masu launi a 1927. A shekarun 1950 ruwan hoda ya mamaye ƙasar, har ana danganta shi da Mamie Eisenhower, uwargidan shugaban ƙasa, wadda ta sa doguwar riga mai wannan launi a bikin rantsar da mijinta a 1953. Shekarun 1970 suka zo da koren fiya da ruwan zinariya. Kowanne a zamaninsa alamar wayewa ne, bayan shekara ashirin kuma shi ne abu na farko da mai saye zai nuna da yatsa ya nemi ragi. Fentin bango ana sake shi a yini guda. Bahon ƙarfe mai launi da tayil ɗin da aka liƙa da siminti sai an fasa.

Labarin Jacuzzi ya fi tsada. Candido Jacuzzi ya ƙera famfon motsa ruwa ne domin ɗansa mai ciwon gaɓoɓi, kamfaninsu ya fara sayar da shi a 1956, sannan a 1968 Roy Jacuzzi ya fito da baho mai haɗe da na'urar. A shekarun 1980 da 1990 wannan ƙaton baho ya zama dole a kusurwar banɗakin duk wanda ya isa. Daga baya aka gane yana shanye ruwan zafin gida kafin ya cika, bututunsa na tara datti, masu shi kuma sukan yi watanni ba su shiga ba. Yanzu mutane na biyan kuɗi a cire shi a sa shawa.

Mujallar Remodeling ta shafe shekaru tana fitar da rahoton shekara-shekara da ke kwatanta kuɗin gyara da abin da yake ƙara wa farashin gida. Alƙalumman kan sauya, amma abu biyu sun daɗe suna maimaituwa: gyaran banɗaki ba kasafai yake dawo da duk abin da aka kashe ba, kuma matsakaicin gyara ya fi na alfarma dawo da kaso mai yawa. A ganina dalilin a fili yake. Mai saye ba ya biyan kuɗin abin da ya burge mai sayarwa. Abin da yake nema shi ne tabbacin cewa babu yoyo a bayan bango, babu funfuna a lungu, kuma ba zai kira mai gyaran famfo a watansa na farko ba.

Shi ya sa shawarar dillalai ga mai ƙaramin ƙarfi ta tsaya kan abubuwa marasa armashi. Kada a matsar da masai ko baho daga inda suke, domin canza hanyar bututu shi ne ke cinye kuɗi, abin da Levitt ya sani tun 1947. A sake cike tsakanin tayil, a canza kan famfo da madubi da fitila, a yi fenti mai haske, a sa fankar fitar da tururi. Idan masai tsoho ne a musanya shi: dokar makamashi ta 1992 ta ƙayyade wa sababbi galan 1.6, kimanin lita 6, a kowace kora, alhali na da sukan sha ninkin haka ko fiye.

Ko launin da ake cewa ba ya tsufa ma bai tsira ba. Tashar HGTV, wadda ta fara aiki a 1994, ta cika gidajen jama'a da shirye-shiryen sayen tsohon gida a gyara a sayar, kuma a shekarun 2010 masu wannan sana'a sun shafe banɗaki bayan banɗaki da ruwan toka saboda ba ya ɓata wa kowa rai. Yau masu saye da yawa na ganin wannan launi su fara zargin gyaran gaggawa ne, su nemi a duba musu bututun da ke bayansa. Banɗakunan ruwan hoda na zamanin Mamie da suka tsallake guduma kuwa sun sami masoya, har wasu dillalai kan ambace su a tallar gida.