Faransanci a Kwalejojin Kanada: Inda Kariyar Doka Ta Tsaya

Yawancin masu magana da Faransanci a Kanada suna lardin Kebek ne, amma akwai kusan miliyan ɗaya a sauran larduna, inda Turanci ya yi kaka-gida. Fiye da rabinsu suna Ontariyo. To, yaron da ya tashi da Faransanci a can, har wane mataki doka ta ba shi damar yin karatu da harshen gidansu?

Bari mu koma 1912. A shekarar ce gwamnatin Ontariyo ta fito da Ƙa'ida ta 17, wadda ta taƙaita koyarwa da Faransanci ga shekaru biyun farko na firamare. Iyaye suka ce ba su san zancen ba. A 1916 har wasu mata suka tsare makarantar Guigues da ke Ottawa da dogayen alluran hulunansu, don kada a kori malamai biyu mata da suka bijire wa ƙa'idar. An jingine ta a 1927, amma sai a 1968 aka amince da sakandaren gwamnati ta Faransanci.

Babban sauyi ya zo ne a 1982. Sashe na 23 na Kundin 'Yanci, wanda ke cikin tsarin mulkin ƙasar, ya ba 'yan tsiraru haƙƙin 'ya'yansu su yi karatu da harshensu da kuɗin gwamnati, muddin yawansu ya kai. A 1990, a shari'ar Mahé, Kotun Ƙoli ta ce haƙƙin ya haɗa da ikon tafiyar da makarantun. Sai dai ga inda gizo ke saƙar: sashen firamare da sakandare kawai ya ambata, bai taɓo kwaleji ko jami'a ba.

Wato ɗalibi zai gama sakandare da Faransanci, ya zo neman kwas ɗin jinya ko kanikanci, ya tarar da Turanci ake yi. Wanda kuwa ya koyi sana'a da Turanci, galibi da shi zai yi aiki, a hankali harshen gida ya ja baya.

Dokokin lardi ne suka ɗan toshe giɓin. A 1986 Ontariyo ta yi dokar ba jama'a hidimar gwamnati da Faransanci. Bayanta aka buɗe La Cité a Ottawa a 1990, kwalejin koyon sana'a ta farko a lardin mai koyarwa da Faransanci zalla, sai Collège Boréal a Sudbury a 1995. Amma abin da gwamnati ta bayar, wata gwamnatin na iya janyewa. A Nuwamban 2018 gwamnatin Doug Ford ta soke shirin kafa jami'ar Faransanci a Toronto, wai babu kuɗi. Sai da jama'a suka fito zanga-zanga, gwamnatin tarayya kuma ta yarda a raba kuɗin, kafin jami'ar ta buɗe a 2021. A wannan shekarar kuma Jami'ar Laurentian mai harshe biyu ta faɗa cikin bashi, ta soke kwasa-kwasai 69, 28 daga ciki na Faransanci.

Lardin New Brunswick ya sha bamban. Tun 1993 tsarin mulki ya ba al'ummomin harsunansa biyu haƙƙin mallakar cibiyoyin ilimi nasu daban, shi ya sa masu Faransanci a can suka fi samun madogara.

A 2023 an yi wa Dokar Harsunan Hukuma ta 1969 garambawul, gwamnatin tarayya ta ɗau alkawarin tallafa wa karatun 'yan tsiraru tun daga rainon yara har gaba da sakandare. Ci gaba ne, ba shakka. Sai dai ilimi a hannun larduna yake, kuma Sashe na 23 yana nan yadda aka rubuta shi. Uban da aka rufe wa 'yarsa firamare zai ruga kotu da tsarin mulki a hannu. Idan kwas ɗinta na kwaleji aka soke, akasari sai ya koma ga 'yan majalisa da kasafin kuɗin bana.