Yadda ake huda siffofi da yawa a cikin babbar siffa ɗaya a kwamfuta

Masu zana tambari, allon shago ko rubutun riguna suna yawan buƙatar huda haruffa ko taurari a cikin babbar siffa ɗaya. Ana yin wannan aiki da manhajojin zanen layi, wato waɗanda ke ajiye zane a matsayin layuka da lanƙwasa, ba ɗigon hoto ba. Daga cikinsu akwai Illustrator, CorelDRAW da kuma Inkscape, wadda ta fito a 2003 kuma kyauta ce.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora fararen siffofi a kan babbar, a zaci an huda ta. A fuskar kwamfuta kamar rami ne, amma idan aka ɗora zanen a kan wani launi, farin zai fito fili. Mai aikin ya yi asarar kaya da lokaci ke nan.

A Inkscape ta Faransanci, umarnin hudawa shi ne Différence, a ƙarƙashin Chemin. Yana cire siffar da ke sama daga wadda ke ƙasa, kuma da siffofi biyu aka san shi. Don haka dabarar ita ce a mayar da ƙananan duka siffa ɗaya:

1. Idan akwai rubutu, a mayar da shi zane da Objet en chemin, sannan a warware rukunin haruffan.
2. A zaɓi ƙananan siffofin kaɗai, a haɗe su da Union.
3. A tabbatar suna saman babbar siffar.
4. A zaɓi biyun, a danna Différence.

Idan babbar ce ta ɓace, to ita ce ke sama. Sai a koma baya a gyara jerin. Siffar da layi ne kawai, ba ta da ciki, sai an fara mayar da ita da Contour en chemin. A Illustrator kuwa, akwatin Pathfinder yana cire duk na sama daga ta ƙasa a lokaci guda.

Masu yanka kwali ko ƙarfe don fesa fenti suna da ƙarin abin lura. Haruffa irin su O, A, B da D suna da tsakiya wadda za ta faɗi da zarar an yanka kewayenta. Maganin shi ne a yanke siririn layi daga jikin harafin tun kafin hudawa, domin ya zama gada mai riƙe tsakiyar.

Yana da kyau a ajiye kwafin zanen kafin a fara, domin rubutun da aka mayar zane ba ya gyaruwa kamar rubutu. Kafin a kai aikin ga na'ura, a sa wata siffa mai launi a bayansa: duk inda launin ya leƙo, ramin na gaske ne.